Marigayi Malik Sidibe: Ɗan Fulanin da Ya Zama Idon Bamako

Duk wanda ya saba shiga kara a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yaran nan na Fulani masu biyo shanu daga tsallaken iyaka, sanda a kafaɗa, malfa a ka, ƙafa duk ƙura. Da wuya mutum ya dubi ɗaya daga cikinsu ya kawo a ransa cewa wata rana manyan biranen Turai za su taru domin girmama shi. Amma haka Allah Ya yi da wani yaro makiyayi na ƙasar Mali mai suna Malik Sidibe, wanda ya tashi yana bin dabbobin mahaifinsa, ga shi kuma da ido ɗaya yake gani, ya ƙare duniya tana kiransa Idon Bamako. Sana'arsa ita ce ɗaukar hoto. Makarantar da ta goge shi a wannan sana'a kuwa ita ce wuraren rawar samari da 'yan mata cikin dare, wato irin wurin da yawancinmu ba za mu so a ce an ga 'ya'yanmu ba. Ko da yake shi ba ɗan ƙasar Gumel ba ne, na ga ya dace a kawo tarihinsa a mujallar ƙungiyarmu ta bana, domin akwai abin dubawa a ciki ga mutanen da su ma suke da tsofaffin hotuna a ƙasan akwati, gara tana ci.

An haifi Malik wajen shekarar 1936 a ƙauyen Soloba, a kudancin ƙasar da Turawan mulki suke kira Sudan ta Faransa a wancan zamani, wadda yau ita ce Mali. Ƙauyen yana kusa da iyakar Gini, kimanin kilomita 300 daga Bamako, cikin yankin da ake kira Wasulu. Mutanen wannan yanki asalinsu Fulani ne da suka zauna wuri guda suka haɗa kiwo da noma, har harshen maƙwabtansu ya rinjayi Fulatancinsu, kamar dai yadda Fulanin gida suka koma Hausa a nan wajenmu. Sunayen zuriya huɗu aka san su da su, wato Jallo da Jakite da Sangare da Sidibe, saboda haka da jin sunan Malik ɗan ƙasar Mali ya san inda ya fito. Tun yana ƙarami ya fara kiwo da aikin gona, kuma a cikin ƙuruciyar nan ne ya gamu da tsautsayin da ya raba shi da ganin idonsa na hagu.

Bai shiga makarantar boko da wuri ba, wato lakwal, in ji 'yan'uwanmu na ƙasar Damagaram. Da aka sa shi, sai ya yi karatu a garin Yanfolila, daga nan ya wuce Buguni. A can ne aka lura yaron yana da hannun zane. Da gawayi ko fensir yakan zana dabbobi da mutane da abin da duk ya gani, har labarinsa ya kai kunnen jami'an mulki. Wanda ya yi aikin koyarwa ya san irin waɗannan yara, kowane aji da nasa, kuma ya san cewa sau da yawa abin da suke samu shi ne tsawa don sun ɓata bayan littafin lissafi. Malik dai ya yi sa'a. A 1952 aka tura shi Bamako, Makarantar Masu Sana'ar Hannu ta Sudan, wadda daga baya ta zama Cibiyar Fasaha ta Ƙasa. Abin da ya koya a can shi ne ƙirar kayan ado na zinariya da azurfa, ya kuma gama a 1955.

A wannan shekarar ce wani Bafaranshe mai shagon hoto a Bamako, Gérard Guillat, wanda mutanen gari suka yi wa laƙabi da abin da a Hausa za a ce Jeje Mai Fim, ya nemi ɗalibin da zai ƙawata masa shago da zane. Aka ba shi Malik. Da aiki ya ƙare, Bature ya ga hankalin yaron, sai ya riƙe shi ya zama yaron shago. Ya fara da ƙananan ayyuka irin na kowane almajirin sana'a, tsaron shago da kai wa mutane hotunansu, yana kuma kallon yadda ake wanki da bugu. A 1956 ya tara kuɗi ya sayi kyamararsa ta farko, wata 'yar ƙarama mai araha da ake kira Brownie Flash. Ba a jima ba aiki ya rabu biyu tsakaninsa da maigidansa: Jeje yana zuwa liyafar Turawa da manyan ma'aikata, Malik kuma yana zuwa bukukuwan 'yan ƙasa, aure da suna da wasannin samari.

Kafin mai karatu ya gane abin da Malik ya kawo, sai ya tuna yadda hoto yake a wancan lokaci. A Bamako akwai wani gwani da ya girme shi, Saidu Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Wurinsa mutum yakan je ne cikin mafi kyawun tufafinsa, a zaunar da shi gaban zane mai ado, a gyara masa zaman hannu da na wuya, a ɗauka da hasken rana. Hotunan Keita suna da kwarjini ƙwarai, amma hotuna ne na mutanen da suka tsaya cik. Irin su ne muka gada a gidajenmu: maigida a kan kujera, tafin hannu bisa gwiwa, fuska a ɗaure kamar ana shari'a. Dalili kuwa shi ne kyamarar da mai nauyi ce, a kan ƙafafu uku take tsayawa, kuma wanda ya motsa ya ɓata hoto. Ƙaramar kyamara mai filasha ita ta sauya wannan. Da ita mai hoto yana iya rataya kayan aikinsa a wuya ya bi mutane inda suke, kuma duhun dare ba ya hana shi aiki. Malik ya zo daidai lokacin da wannan kaya ya iso hannun talaka, kuma daidai lokacin da daren Bamako ya cika da abin ɗauka.

Ranar 22 ga Satumba, 1960, Mali ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Modibo Keita, bayan tarayyarta da Sanagal ta wargaje. Bamako tana ta cika da baƙi daga ƙauyuka, ga 'yan makaranta, ga ƙananan ma'aikata masu ɗan albashi, ga teloli. Samarin kowace unguwa suna da majalisarsu da ake kira girin, inda ake shan shayi ana hira ana sauraron faifai. Daga waɗannan majalisu ne kulob-kulob suka fito, kowane da sunansa, wasu sun ari sunan mawaƙan Ingila na Beatles, wasu na Sputnik, tauraron ɗan Adam na Rasha, wasu na birnin Las Vegas, wasu na mawaƙan Faransa masu tashe. Sukan yi karo-karo su shirya fati a tsakar gidan wani, a share ƙasa a yayyafa ruwa, a jera kujeru, a kunna faifai. Kiɗan Kyuba ne da na Amurka da na Faransa, rawar tuwis da ca-ca-ca, daga baya kuma James Brown ya zo ya mamaye komai. Wani matashin mawaƙi na ƙasar, Bubakar Traore, wanda ake kira Kar Kar, ya yi waƙar tuwis ta Mali wadda gidan rediyo ya yi ta sawa.

Taron samari da 'yan mata da dare ba baƙon abu ba ne a ƙasashenmu. Mu ma muna da dandali, da sarkin samari, da kalangu da gaɗa a farin wata. Sabon abu a Bamako shi ne saurayi da budurwa su fuskanci juna su yi rawa su biyu, wani lokaci har da riƙe hannu, cikin tufafin da iyayensu ba su san su ba, da kiɗan da ba makaɗin gari ne ya kaɗa shi ba. Kulob kuma suna gasa da juna a kan wanda ya fi iya ɗinki, wanda ya fi sabon faifai, da wanda fatinsa ya fi cika. To, gasa ba ta yiwuwa sai da shaida, shaidar kuwa ita ce hoto. Wannan ne ya sa fatin da Malik bai halarta ba ake ganin kamar ba a yi shi ba.

A 1962 ya buɗe shagonsa, Studio Malick, a unguwar Bagadaji cikin tsohon gari. Da rana yana shago. Daren Juma'a da na Asabar kuwa sai ya hau kekensa ya bi gayyata, daga wannan gida zuwa wancan, sau da yawa wuri uku ko huɗu kafin asuba. In ya iso bakin ƙofa yakan haska filasha sau ɗaya don a san ya zo, nan take sai rawa ta ƙara zafi. Daga can ba barci yake zuwa ba, ɗakin wanki yake shiga. Yakan buga hotunan ƙanana, ya manna su a jikin fayil na kwali irin na ofis, ya sa wa kowane lamba, ya rubuta sunan kulob da kwanan wata a sama. Farkon mako sai samari su yi cincirindo a ƙofar shago suna duba kansu, kowa ya faɗi lambar da yake so a buga masa, wani ya sayi nasa ya kuma sayi na yarinyar da yake nema. Ciniki ne na neman abinci, babu wanda ya kira shi fasaha a lokacin, har shi kansa mai yin.

A nan ne ya kamata a dakata a duba abin da dare ya koya masa, domin a ganina duk sauran tarihinsa a kan wannan ya ginu. Mai rawa ba ya tsayawa ya jira mai hoto. Tilas mai hoto ya san kiɗan, ya san inda mai rawa zai karya jiki, ya danna kafin abin ya wuce, in ya makara da ƙiftawar ido to ya yi asarar fim, fim kuwa kuɗi ne, ƙwaya 36 ce a naɗi guda. Wannan ya koya masa karanta jikin mutum, kamar yadda makiyayi yake gane saniyar da za ta ɓalle tun ba ta ɗaga ƙafa ba. Hasken filasha kuma ba ya nisa, saboda haka dole ya kutsa cikin fili ya matsa kusa, ya durƙusa ko ya hau kujera. Abin da hasken ya kama yakan fito fes, farar riga tana ƙyalli, abin da ke baya kuma ya nutse cikin baƙi, shi ya sa mutanen da ke cikin hotunansa suke zama kamar za su fito daga takarda. Sa'an nan samarin suna son a ga takalmi da bakin wando da agogo, don sun kashe kuɗi a kansu, sai ya saba ɗaukar mutum tun daga kai har ƙafa. Abin da mai saye ya nema don alfahari, shi ya zama salon mai hoto.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka, wato amana. Malik ya ɗan girme yawancin yaran, mutum ne mai kunya da fara'a, kuma bisa ga abin da ya sha faɗa da bakinsa, shi bai taɓa shiga rawar ba. Yana ciki, amma ba ɗan ciki ba ne. Sun san ba ɗan rahoton hukuma ba ne, sun san ba zai kai hoton yarinya gidan ubanta ba, saboda haka suka saki jiki a gabansa. Baturen da ya zo daga waje da kyamarar da ta fi tasa tsada ba zai sami wannan fuskar ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da yaran aji a ɗauke su hoto ya san bambancin dariyar da aka umarta da wadda ta zo da kanta.

Mafi shahara a hotunansa shi ne wanda aka sa wa suna Daren Kirsimeti, na 1963, wanda ya ɗauka a fatin wani kulob mai suna Happy. Saurayi ne cikin kwat mai haske da yarinya cikin riga 'yar kanti, ita ba takalmi a ƙafarta, sun sunkuyar da kai har goshinsu ya kusa haɗuwa, kowa yana duban ƙafafunsu yana murmushi. Wanda ya gan shi zai ɗauka masoya ne. Ashe wa ne da ƙanwarsa, yana koya mata taka rawa, kamar yadda Malik ya bayyana daga baya. Babu tsiraici a ciki, babu rashin kunya, sai wata natsuwa da ba a zata ba a irin wannan wuri. A 2016 mujallar Time ta Amurka ta sa shi cikin hotuna 100 da ta ce sun fi tasiri a tarihin ɗaukar hoto. Akwai wani na 1962 mai suna Ku Dube Ni, inda wani saurayi ya lanƙwashe baya kamar zai faɗi, gwiwoyi a karye, idonsa a kan kyamara, abokan rawa sun kewaye shi. Sunan ya dace da hoton, ya kuma dace da zamanin gaba ɗaya, domin waɗannan yara ne da aka haifa a ƙarƙashin mulkin mallaka, inda Bature ne yake ɗaukar baƙar fata hoto yadda ya ga dama, yau ga su suna zaɓar yadda za a gan su.

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya yi murna da wannan al'amari. Iyaye da malaman addini sun gan shi a matsayin lalacewar tarbiyya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Gwamnatin Modibo Keita, wadda ta ɗauki tafarkin gurguzu, ita ma ta ƙi shi, amma da nata dalili: tana son matasa su shiga ƙungiyoyin jam'iyya, su yi aikin gayya, su raya kiɗa da rawar gargajiya, tana kuma ganin gajeren siket da faifan Amurka a matsayin ragowar bautar Turawa. Musamman daga 1967, 'yan sintirin jam'iyya suka matsa wa matasa lamba. Manthia Diawara, wani masani ɗan Mali da ya yi samartakarsa a Bamako a wannan zamani, ya rubuta yadda ake kama masu tara suma da masu matsattsun kaya, a aske su, a tura wasu sansanin gyaran hali. Ranar 19 ga Nuwamba, 1968, sojoji a ƙarƙashin Laftana Musa Traore suka kifar da gwamnatin, amma mulkin soja bai zo wa matasa da wata walwala ta a zo a gani ba. Cikin duk wannan Malik bai fasa hawa kekensa ba.

Ni dai ba na cikin masu yabon rawar dare, kuma ba na jin shekaru za su sauya mini ra'ayi. Amma tilas a faɗi gaskiya, gwamnatocin wancan lokaci sun kashe kuɗi wajen ɗaukar hotunan fareti da na buɗe masana'antu, yau kuwa in ana son a san yadda ɗan Bamako ya ji a ransa a shekarun farko na 'yanci, fayil ɗin Malik ake buɗewa. Hukuma ta ajiye abin da take so a ce an yi, shi kuma ya ajiye abin da aka yi.

Ranar Lahadi, lokacin zafi, samarin sukan fita bakin Kogin Kwara, wajen Sotuba, su yi iyo su ci abinci su kunna faifai, Malik yana biye da su. A can ya koyi aiki da rana tsaka da ƙyallin ruwa, kuma a can ya ɗauki hoton nan na 1976 inda saurayi da budurwa suka fuskanci juna kowa ya ɗaga dutse, faɗan wasa irin na abokai.

Daga tsakiyar shekarun 1970 sai fatin tsakar gida ya fara ja baya, matasa suka koma gidajen rawa na kuɗi, shi kuma shekaru sun fara hawa. Sai ya tattara hankalinsa a shago. Amma wanda ya dawo shagon ba irin mai hoton da ba ne. Ya shimfiɗa leda mai gidan dara baƙi da fari a ƙasa, ya rataya zane mai ratsi a baya, ya bar mutane su shigo da abin da suke alfahari da shi. Wani ya turo babur ɗinsa har cikin ɗaki, wani ya rungumo rediyo, wani faifan James Brown, wani ya zo da tabarau da wando mai faɗin baki, wani ya tsaya kamar ɗan dambe, mace ta juya don a ga kitso. Mutanen ƙauye ma sukan shigo in sun zo birni. Yakan yi wa mutum barkwanci har ya saki fuska, ya gyara masa tsayuwa da hannunsa, sa'an nan ya danna a daidai lokacin da mutumin ya manta da kyamara. Motsin da ya koya a filin rawa shi ya shigo da shi cikin ɗaki mai bango huɗu, har wanda yake tsaye cik ma sai ka ga kamar yanzu zai taka.

Ba shi kaɗai ne ya yi irin wannan aiki a Afirka ba. A Yamai, babban birnin maƙwabtanmu, Philippe Koudjina ya bi gidajen rawa da kyamararsa a shekarun 1960 da 1970. A Bobo Julaso akwai Sanle Sori, a Kinshasa kuma Jean Depara. Kusan kowane babban gari yana da nasa. Abin da ya taimaki Malik shi ne bai zubar da komai ba. Nagetif ɗinsa, dubbai a kan dubbai, ya zuba su cikin kwalayen takardar hoto, ya rubuta shekara a jikin kowane kwali, ya jera su a kan kanta har rufi. Wataƙila horon maƙerin zinariya ne, wanda ba ya share ƙurar teburinsa ya watsar.

Shekarun 1980 sun zo wa masu sana'arsa da wahala. Hoto mai kala ya shigo, injinan wanki na zamani suka buɗe, kyamara ta yi araha, kowa ya zama mai hoto. Baƙi da fari ya koma na fasfo da katin shaida. Malik ya koma gyaran kyamara, har shagonsa ya cika da tsofaffin kyamarori, aka fi saninsa da gyara fiye da ɗauka. Mutumin da a da ba a fara rawa sai ya iso, ga shi zaune a bakin titi da ƙaramin sukundireba.

Gyaran nan kuwa shi ya zama sanadi. A 1991 aka yi wani nunin fasahar Afirka a birnin Niyu Yok, inda aka rataya wasu tsofaffin hotuna daga Bamako aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya tura wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako sai aka kai shi wurin mai gyaran kyamara na Bagadaji, tun da shi ya san kowa a sana'ar. Malik yana duban hotunan ya ce aikin Saidu Keita ne, ya kuma nuna gidansa. Bai ce a dubi nasa ba. Sai daga baya baƙon ya buɗe kwalayen da ke kan kanta ya ga abin da ke ciki. A watan Disamba na 1994 aka yi taron farko na masu hoton Afirka a Bamako, wanda wata Bafaranshiya mai hoto, Françoise Huguier, ta yi ɗawainiyar kafawa, aka nuna aikin Keita da na Malik. A 1995 Gidauniyar Cartier ta nuna hotunansa a Faris, karo na farko a wajen Afirka, yana dab da shekara sittin.

Daga nan lambobin yabo suka biyo juna. A 2003 ya karɓi lambar Hasselblad ta ƙasar Suwidin, wadda take cikin mafi girma a wannan sana'a, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. A 2007, a babban bikin fasaha na birnin Benis a Italiya, aka ba shi Zakin Zinariya na aikin rayuwa, abin da ba a taɓa ba mai hoto ko ɗan Afirka ba kafin shi. A 2008 Cibiyar Hoto ta Duniya da ke Niyu Yok ta karrama shi, a 2010 kuma ya ci wata lambar a gasar hotunan jarida ta duniya saboda hotunan tufafi da ya ɗauka wa mujallar New York Times. Masu ɗinki da mawaƙa na Turai da Amurka suka shiga kwaikwayon ledar nan mai gidan dara da zanen nan mai ratsi. Shi kuwa bai bar Bamako ba, bai bar babbar rigarsa ba, baƙi daga ko'ina sukan same shi a ƙofar shago ya zaunar da su ya ɗauke su kamar kowa.

Wannan ɗaukaka tana da gefen da ba a cika magana a kansa ba. Hoton da aka buga kamar tafin hannu don saurayi ya sa a aljihu, shi ne aka mayar ƙato aka rataya a bangon Faris, aka sa masa kuɗin da mai shi bai taɓa mafarki ba. Yarinyar da ta yi rawa a 1965 ta zama kaka, wataƙila hajiya ce mai jikoki, kuma ba da ita aka yi shawara ba kafin duniya ta kalle ta. Amanar da aka ba Malik ta tsakar gida ce, kasuwar duniya kuwa ba ta san wannan ba. Game da nagetif ɗin Saidu Keita ma, bayan rasuwarsa a 2001 rigima ta tashi kan wanda yake da ikon riƙe su da buga su, har ta kai gaban kotu.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Masu hoto sun yi aiki a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shekara da shekaru. Sun ɗauki hawan salla, da bukukuwan aure, da 'yan makaranta ranar rabon kyauta, da fatake a kasuwa, da samari a kan sabon keke. Da wayar hannu ta kashe kasuwar, shaguna da yawa sun rufe, kayan cikinsu kuwa zafi da ƙura da ruwan damina ba sa jiran kowa. Ina ganin aiki ne da ƙungiya irin tamu za ta iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: a bi tsofaffin masu hoto ko magadansu, a nemi izinin iyalan da ke cikin hotunan, a kwafe su a kwamfuta, a rubuta suna da wuri da shekara tun masu iya gane fuskokin suna raye, asalin kuma ya zauna a hannun masu shi. Fayil ɗin Malik ya yi daraja ne saboda kwanan watan da ya rubuta a kansa da biro.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon sukari ya matsa masa, ƙarfi ya ragu, 'ya'yansa suka riƙe shagon. Ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilu, 2016, yana da kimanin shekara 80, ya bar iyali mai yawa. A watan Oktoba na 2017 Gidauniyar Cartier ta sake buɗe babban nunin aikinsa a Faris, da hotuna sama da 250, ta sa masa sunan waƙar nan ta Kar Kar, aka kuma baje wasu daga cikin fayil-fayil ɗin kwali yadda ya manna su da hannunsa, da lambobinsu da sunayen kulob. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.